Tsakuwa a tankin Fijo

Fijo 504 ce, haɗin Kaduna, tana cikin abin da Baba ya bar mini gado. Ta daɗe a fake a tsakar gidanmu na Agege, damina ta doke ta, rani ya gasa ta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka shiga ajiye motocinsu, ni kuwa lokacin ne zuciya ta raya mini in tayar da ita.

Bakanike ya zo, ya buɗe murfin tanki, ya kai hanci, ya ja da baya. "Alhaji, wannan ai ba fetur ba ne, fenti ne." Wai fetur idan ya daɗe, mai sauƙin cikinsa yakan bi iska ya bar danƙo. Ga danshin Legas, yana shiga tanki ya zama ruwa, ruwan ya kwanta a ƙasa don ya fi fetur nauyi, ya yi ta cin ƙarfe. Tsatsar ce ke bin tiyo ta cika filta, wadda ta tsallake ta je ta toshe kabireta.

Aka kwance tanki, aka zuba masa tsakuwa da kananzir. Shi ya kama gefe, ni na kama gefe, muka shiga girgizawa. Jama'a, ƙarar nan sai wanda ya ji! Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta leƙo ta taga tana tambaya ko suna ake yi ba a gaya mata ba, don ita sekere take ji, wato kiɗan duman nan nasu da ake girgizawa. Kafin in ba ta amsa yaran layi sun cika gidan suna rawa, ni kuma gumi har cikin ido, hula ta faɗa kwata. Da muka tuntsurar da tankin, abin da ya fito ja wur kamar zoɓo.

Sai maganar bututun da ke kai mai gaba. Ba mu da injin iska, don haka bakanike ya miƙo mini bakin tiyo. "Ranka ya daɗe, ka fi ni ƙirji, hura." Na cika kumatu na hura iya ƙarfina. Bututun a toshe yake, abin da ke ciki ya dawo mini gaba ɗaya, baki da gemu. Na yi wanka, na sake yi, amma a sallar isha'i sahu ya buɗe mini ta dama da hagu, wani dattijo kuma ya ce don Allah a fitar da kaskon turaren wuta.

Kabiretar Solex ce. Muka baje ta a faranti, muna wanke 'yan jet ɗin tagulla da mai ke bi ta cikinsu, masu ramin da ko allura ba ta shiga. Uwargida ta fito, ta tsaya, ta dube mu. "Baban yara, farantin tsintar shinkafata ne fa." Ta janye shi, ƙaramin jet ya yi tsalle ya ɓace. Washegari ina kasuwar Ladipo, wani yaro na rantse mini cewa irinsa ya ƙare a duniya sai guda ɗaya da ke aljihunsa. Na biya, ba don na yarda ba. Na dawo na tarar da autana yana wasa da na asalin.

Aka ɗaura komai, aka sa sabuwar filta da sabon tiyo, aka taka totur, ta yi tari, ta tashi. Har kan gadar Pen Cinema na kai ta ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. A ramin farko na ji ƙwar-ƙwar daga baya. Ashe tsakuwa ɗaya ta maƙale a wani lungu cikin tankin. Bakanike ya ce fitar da ita sai an sake kwance tanki, kuma wannan sabon ciniki ne. Yanzu duk wanda na rage wa hanya sai ya waiga ya ce, "Alhaji, me ke ƙara a baya?" Ce masa nake haka kamfani ya yi ta.