Idan makiyayi ya saki hanya, ina garken zai nufa?

'Yan'uwa a cikin Kristi, na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin in yanke shawarar rubuta ta, domin ba abu ne mai sauƙi ba ɗan ikilisiya ya buɗe baki a kan waɗanda aka ɗora wa hannu aka keɓe su domin su yi kiwonsa. An rene mu da girmama fasto da dattawa, kuma har gobe ina ganin wannan tarbiyya daidai ce. Sai dai girmamawar da za ta sa mutum ya kame bakinsa alhali yana ji ana sauya bishara a gabansa ta riga ta zama tsoron mutum, kuma Littafin Karin Magana ya kira tsoron mutum tarko.

Kwanakin baya na halarci wata sujada inda aka shafe kusan awa guda ana wa'azi, na kasa kunne tun daga farko har ƙarshe ban ji an ambaci zunubi, ko tuba, ko gicciye ba. An karanta rabin aya ɗaya, aka rufe Littafi Mai Tsarki, sauran lokacin duka ya tafi wajen alkawarin buɗi da ɗaukaka da kunyatar da magabta. A kusa da ni akwai wata dattijuwa riƙe da ambulan, tana jiran a kira waɗanda za su "shuka iri" domin a yi musu addu'a ta musamman. Na fita daga majami'ar zuciyata a jagule, ina tambayar kaina abin da wannan baiwar Allah za ta riƙe a ranar da buɗin bai zo ba, tun da ba a ba ta komai ba sai alkawarin da Ubangiji bai taɓa yi mata ba.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce, kuma Manzo Bulus ya hango ta tun da wuri. Sa'ad da yake ban kwana da dattawan Afisa a Militas, kamar yadda sura 20 ta Ayyukan Manzanni ta nuna, ya gargaɗe su cewa mugayen kyarketai za su shigo daga waje, sannan ya ƙara da abin da ya fi ciwo, wato daga cikinsu ma waɗansu za su taso suna karkatar da gaskiya domin su ja almajirai zuwa bayansu. Tarihi ya tabbatar da hakan. Ariyus, wanda ya koyar cewa Ɗan Allah halittacce ne, kuma akwai lokacin da babu shi, limami ne a Iskandariya mai farin jini da iya magana. Saboda koyarwarsa aka kira taron Nikiya a shekarar 325, inda aka tabbatar cewa Kristi Allah ne na gaskiya, haifaffe ne ba halittacce ba. Bayan taron ma bishop-bishop da dama da sarakuna sun karkata zuwa ɓangaren Ariyus, har aka kori Atanasiyus, bishop na Iskandariya, daga kujerarsa sau biyar saboda ya ƙi sassautawa. Ina kawo wannan ne domin mu gane cewa yawan masu riguna da muƙamai a bayan wata koyarwa bai taɓa zama shaidar gaskiyarta ba.

A zamaninmu kaucewar ta ɗauki fuska fiye da ɗaya. A ƙasashen Yamma an samu shugabannin da suka ci gaba da sanya rigar bishop alhali sun daina gaskata abin da suka yi alkawarin karewa a ranar naɗinsu. David Jenkins, wanda aka naɗa Bishop na Durham a Ingila a 1984, ya fito fili ya nuna shakka a kan haihuwar Yesu ta wurin budurwa da kuma kabarin da aka tarar babu kowa a ciki. John Shelby Spong, wanda ya shugabanci dayosis ɗin Newark a Amurka har zuwa 2000, ya ƙi waɗannan koyarwa gaba ɗaya, har da mutuwar Kristi a matsayin hadaya domin zunubi. A Kanada kuwa, Gretta Vosper ta bayyana cewa ba ta gaskata da Allah ba, amma a 2018 ikilisiyarta ta amince ta ci gaba da jagorantar majami'arta a Toronto. Ba na ƙin mutumin da ke fama da shakka, domin Toma ma ya yi shakka, Ubangiji kuma ya nuna masa hannuwansa maimakon ya kore shi. Abin da na kasa fahimta shi ne mutum ya rasa bangaskiya amma ya riƙe mumbari. Bulus ya faɗa wa Korantiyawa cewa in ba a ta da Kristi daga matattu ba, wa'azinmu banza ne, bangaskiyarmu ma banza ce, saboda haka wanda ya musa tashin matattu ya tumɓuke tushen da kujerarsa take tsaye a kai.

Batun aure ma ya raba manyan ikilisiyoyi. Taron Lambeth na 1998, wato taron bishop-bishop na Cocin Angilikan na duniya, ya tsaya a kan cewa aure tsakanin namiji da mace ne, a lokaci guda kuma ya umarci a saurari kowa, a tabbatar wa kowa cewa Allah yana ƙaunarsa. Bayan shekara biyar aka naɗa Gene Robinson, mai zaman tare da namiji ɗan'uwansa a fili, bishop a Amurka, abin da ya kai ga taron GAFCON na 'yan Angilikan da suka ƙi amincewa da hakan a Urushalima a 2008, sannan a Fabrairun 2023 majalisar Cocin Ingila ta amince da addu'o'in sa albarka ga masu auren jinsi. Ni dai ina tare da koyarwar da ikilisiya ta riƙe tun zamanin manzanni, ina kuma ƙin duk wani wulaƙanci ko cin zarafi da za a yi wa kowane ɗan Adam da sunan kare ta, domin wanda ya mutu saboda ni ya mutu saboda shi. Tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ita ce ta iko: shin Maganar Allah ce take gyara zamani, ko kuwa zamani ne yake gyara Maganar Allah ta hanyar ƙuri'a?

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yana da sauƙi mu taru mu la'anci bishop ɗin da ke wata nahiya, alhali a gabanmu ana yin abin da bai gaza nasa muni ba, muna kuma amsawa da amin. Mai wa'azin da yake karanta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni daidai, ba ya musun ko kalma ɗaya a cikinta, amma yana sayar da man shafewa da ruwan addu'a, yana sa wa annabci farashi, yana gaya wa maras lafiya cewa rashin bayarwarsa ne ya hana shi warkewa, shi ma ya bar koyarwar manzanni. Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi domin ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Yesu ya aiki almajiransa yana cewa kyauta suka samu, kyauta za su bayar. Bulus ya gaya wa Timoti cewa masu ɗaukar ibada hanyar samun riba mutane ne da hankalinsu ya lalace. Abin da ya tayar da Martin Luther a 1517 shi ne yadda Johann Tetzel yake yawo yana sayar da takardun yafe hukuncin zunubi, kuma abin baƙin ciki ne a ce bayan shekara fiye da 500 waɗansu da ke kiran kansu magadan gyaran da Luther ya kawo sun buɗe irin kasuwar da ya yi wa tawaye, sun sauya mata suna kawai.

Wannan koyarwa tana da illa da ta wuce asarar kuɗi. Tana koya wa talaka cewa talaucinsa shaidar ƙarancin bangaskiyarsa ne, tana koya wa mai arziki cewa dukiyarsa shaidar yardar Allah ce ko ta wace hanya ya tara ta. Ba ta da abin faɗa wa Ayuba, ko wa Bulus da ƙayar da ya roƙa sau uku a cire masa ba a cire ba, ko wa mai bin da aka kashe 'yan'uwansa saboda sunan Kristi. Bisharar da ba za a iya yin wa'azinta a gefen kabari ba, ko a ɗakin mai jinya, ba ita ce wadda manzanni suka mutu dominta ba.

Da zarar ka ɗaga murya, sai a jefo maka ayar nan ta Zabura 105 da ke cewa kada a taɓa shafaffun Allah. Duk wanda ya karanta surar zai ga ana maganar yadda Allah ya kāre Ibrahim da zuriyarsa daga sarakuna sa'ad da suke baƙi a ƙasashen mutane, babu inda ta hana a tambayi malami a kan koyarwarsa. Natan ya tsawata wa Dawuda, wanda shafaffe ne na hakika. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, ya kuma rubuta wa Galatiyawa cewa ko shi kansa, ko mala'ika daga sama, in ya kawo wata bishara dabam, la'ananne ne. In manzo ya sa kansa a ƙarƙashin wannan ma'auni, ban ga wani babban mai kula da zai fi ƙarfinsa ba. Ƙarshen shugabancin da ba a yi masa tambaya shi ne abin da duniya ta gani a dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawa fiye da 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. Ba a dare ɗaya aka kai can ba, an fara ne daga ranar da maganar mutum ta zauna a kujerar Nassi.

Akwai kuma masu miƙa mumbari ga masu mulki. A Jamus ta zamanin Hitler shugabannin ikilisiya da yawa sun daidaita wa'azinsu da ra'ayin gwamnati, sai 'yan kaɗan suka taru a Barmen a 1934 suka shaida cewa Yesu Kristi shi kaɗai ne Maganar Allah da za a saurara, Dietrich Bonhoeffer kuma, faston da ya yi adawa da Hitler, aka rataye shi a 1945.

Ina so in faɗi gaskiya a kanmu mu da ke zaune a benci, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bulus ya ce lokaci yana zuwa da mutane ba za su jure sahihiyar koyarwa ba, za su tara wa kansu malaman da za su sosa musu inda ke yi musu ƙaiƙayi. A wannan aya jama'a ne suke tara malaman. Mu ne muke cika filin da aka yi shelar mu'ujiza, mu bar nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako da mutum goma. Mu ne muke auna fasto da girman gininsa da yawan mabiyansa a Facebook, alhali ma'aunin da aka ba Timoti da Titus shi ne mutum marar abin zargi, mai kamunkai, wanda ba ya son kuɗi, mai iya koyarwa, wanda kuma ba sabon tuba ba ne. An yaba wa mutanen Biriya domin kowace rana suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, mu kuwa mun mayar da irin wannan bincike rashin ladabi.

Ban manta ba cewa akwai makiyaya masu aminci da yawa, waɗanda ba a san sunansu ba, suna koyar da sura bayan sura, suna ziyartar marasa lafiya, suna binne matattu, suna ƙin karɓar abin da bai halatta ba. Su ne wannan ɓarna ta fi cuta, domin ana yi musu kuɗin goro da waɗanda suka ɓata sunan aikin. Saboda su ma nake rubutu, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba na kiran kowa ya bar ikilisiyarsa cikin fushi, ko ya hau intanet yana zagin fastonsa. Nassi ya shimfiɗa hanya: a fara zuwa wurin mutum a keɓe kamar yadda Matiyu 18 ta koyar, kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma in ya nace a kan kuskurensa a tsawata masa a gaban kowa.

Roƙona ga dattawan ikilisiya shi ne su koma ga aikin da aka zaɓe su dominsa, su saurari wa'azi da Littafi Mai Tsarki a buɗe a kan cinyarsu, su nemi a karanta wa jama'a lissafin baiko da zakka a fili, su kuma tabbata ba a yi wa kowa baftisma ba sai ya zauna a aji ya koyi abin da yake shaidawa. Ga shugabanninmu kuwa, ina tuna muku da ladabi abin da Yakubu ya rubuta, cewa masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani. Ni kaina na yi niyyar komawa wurin mai wa'azin da na ambata a farko, in nemi ya ba ni lokaci mu zauna mu biyu, mu buɗe ayar da ya karanta rabinta, mu karanta ta har ƙarshen surar.