Malam, layin nan ba gadonka ba ne

Ba abin da ke ƙona mini rai a babban titi kamar direban da zai kafe a layin hagu yana tafiyar hawainiya. Inda ake tuƙi ta hannun dama, layin nan na wuce mota ne: ka wuce, ka sa sigina, ka koma. Amma ina! Ka yi masa fitila, ko gezau. Motoci sun yi jerin gwano a bayansa, masu gajen haƙuri kuma sai su fara kurɗawa ta dama, gefen da direba bai cika gani sosai ba. A Jamus duka biyun laifi ne, har tara ake cin mutum. Gogan naka kuwa, in Allah ya sa ka wuce shi, harara zai raka ka da ita.