Wa muke miƙa wa 'yan aji ɗaya?

Dogon hutu ya ƙare, makarantu sun buɗe. Duk wanda ya bi ta babbar kasuwar Sakkwato a 'yan kwanakin nan ya ga iyaye suna cinikin akwatin ƙarfe da bokiti da katifa da fitila mai caji, teloli kuma ko ɗaga kai ba sa yi saboda ɗinkin yunifom. Wajen sayen kaya kam ba mu da laifi. Uba zai sayar da akuya, ko ya ci bashi, don kada ɗansa ya ji kunya cikin tsaransa. Damuwata tana kan abin da ke biyo baya. An sauke akwati a bakin get, an yi addu'a, mota ta juya. Daga wannan lokacin, yaron nan yana hannun wa?

A yawancin makarantunmu na kwana, yana hannun siniya. Malami yana ganinsa a aji daga safe zuwa azahar. Sauran wunin da dukan dare, a ɗakin kwana, a bakin famfo, a layin abinci, wanda ke iko da shi yaro ne ɗan shekara 16 ko 17 da babu wanda ya koya masa riƙon na ƙasa da shi. Abin da aka yi masa yana aji ɗaya shi ya sani, shi kuma zai mayar. A buɗe akwatin sabon zuwa a kwashe gari da ƙuli-ƙuli da sukari, a tura shi ɗibar ruwa tun kafin asuba, ya wanke kayan wani nasa na jibge, in ya yi gardama a sa shi gwale-gwale. Wai sunan wannan siniyoriti. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne manyan mutane, har da iyaye, da ke cewa ai haka aka yi mana, shi ya sa muka zama maza. Waɗanda suka jure ne kawai ke wannan magana. Waɗanda suka tsallake katanga suka koma gida ba su dawo ba, babu mai tambayarsu ra'ayinsu.

Ku dubi yaron da ake yi wa haka. Shekarunsa 11 ko 12. Wataƙila daga wani ƙauye na Gada ko Silame ko Kebbe ya fito, bai taɓa kwana nesa da mahaifiyarsa ba. A firamarensu da Hausa malam ke bayani, yau ga shi a ajin da darussa suka ƙaru, kowane da malaminsa, littattafai duk da Turanci. Yana tsoron buɗe baki kada 'yan birni su yi masa dariya. Wani ma daga yankin Isa ko Sabon Birni ko Rabah ya zo, inda 'yan bindiga suka tashi garuruwa, ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, dare na yi barcinsa na yankewa. Irin wannan yaron ne wani zai daka wa tsawa da tsakar dare ya ce ya fito ya durƙusa.

Ga kuma lokacin da ake shiga. Watan Satumba ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa, zazzaɓi na kwantar da yara. A gida uwa ce ke taɓa goshi ta gane. A ɗakin kwana mai ɗauke da yara da yawa, sabon zuwa zai kwana biyu yana rawar ɗari a ƙarƙashin bargo, bai san inda ɗakin shan magani yake ba, yana kuma tsoron ya faɗa a ce ƙarya yake yi don gudun aiki. Iyaye, don Allah gidan sauro ya riga kayan kwalama shiga akwati.

'Yan mata nasu ya fi nauyi. Da yawa a wannan shekarun ne suke fara ganin al'ada, wata kuma ba a taɓa yi mata bayani ba. In abin ya same ta a makon farko, ba uwa, ba ya, sai dariyar 'yan ɗaki, to kunyar ranar kaɗai ta isa ta sa ta tsani makaranta. Kuma mun san yadda garinmu yake: namiji in ya gudo gida ana iya kama hannunsa a mayar da shi, amma yarinya in ta dawo tana kuka, akwai dangin da dama jira suke su ce a bar ta haka nan, ga mai so ya fito.

A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE a 1999, wanda ya ce kowane yaro ya samu karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Duk shekara ana fita gangamin sa yara makaranta, sarakuna da malamai suna kira, kuma ana samun masu amsawa. To amma shigar da yaro daban, zamansa daban. Uban da aka sha wahala kafin ya yarda ya saki 'yarsa, in ta dawo masa da labarin duka da ƙwace, ba ita kaɗai aka rasa ba, har ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta.

Abin da nake so a yi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina, bai bar Muhajirai su nemi hanya da kansu ba. Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansar, mutum da mutum, kowane baƙo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shi ne kuma ya ce ba ya cikinmu wanda bai tausaya wa ƙaraminmu ba, bai kuma san girman babbanmu ba. Mu da muke alfahari da cewa garin Shehu ne namu, wannan darasin bai kamata ya tsaya a wa'azin Juma'a ba.

Firinsifal zai iya yin haka ba tare da jiran ko sisi daga ma'aikatar ilimi ba. Kafin sababbi su iso, a zauna da malaman da ke kula da ɗakunan kwana a zaɓo manyan ɗalibai masu hankali, ba masu ƙarfin murya ba. Kowane a ba shi yara uku ko huɗu, a rubuta sunayen, a gaya masa a gaban kowa cewa waɗannan amana ce a wuyansa. Shi zai nuna musu masallaci da famfo da ɗakin magani, ya koya musu ma'anar kowace ƙararrawa, ya tabbatar sun samu rabonsu a ɗakin cin abinci. In ɗayansu ya kwanta ciwo, shi za a fara tambaya. Dama yara suna da nasu tsarin na uwar ɗaki da 'yar ɗaki, sai dai yana tafiya a ɓoye, galibi kuma mai kaya a akwati ne ke samun mai tsaya masa. A fito da shi fili, malamai su sa ido a kansa, ya game ɗan talaka da ɗan mai hali. A ƙarshen zango, wanda ya riƙe ƙannensa da kyau a kira shi a asambuli a karrama shi kamar yadda ake karrama wanda ya zo na ɗaya. Wanda kuma aka kama yana zalunci a sauke shi daga muƙami nan take, ko ɗan wane ne.

Malamai ma akwai nasu. Na san albashi ba ya kai wa ƙarshen wata, na san aji ɗaya kan cika har wasu su zauna ƙasa. Duk da haka, zagaye ɗaya a ɗakin kwanan yara bayan isha'i, ba tare da an sanar ba, yana hana abubuwa da yawa. Makonnin farko kuma a sassauta bulalar nan ta hana magana da Hausa. Yaron da aka doka ranar farko don ya tambayi hanyar bayi da harshen uwarsa, zai daɗe bai sake ɗaga hannu a aji ba.

Iyaye, ranar ziyara kada ku tsaya a kan "lafiya lau" da yaro zai ce. Ku janye shi gefe, nesa da idon manya. Ku tambaye shi wa ke kwana kusa da shi, wa ke ɗebo masa ruwa ko shi ke ɗebo wa wani, sau nawa ya ci abinci jiya, ina takalminsa na biyu. Ku duba bayansa da tafin hannunsa. In ya kawo ƙara kada ku rufe masa baki da cewa karatu sai da haƙuri. Ku nemi malamin ajinsa ku gaisa, ku karɓi lambarsa tun ranar farko, ku kuma je taron PTA ku tayar da maganar a gaban sauran iyaye, don abin da ɗanku ya gaya muku akwai wasu da yawa da suka kasa gaya wa nasu.

Masu yara a manyan aji, ku ne kuka fi kowa iya gyara wannan. Kafin ɗanka ya koma, ka zaunar da shi ka gaya masa cewa in ka ji ya taɓa akwatin wani yaro ko ya ɗaga masa hannu, da kai zai yi, ba da makaranta ba. In akwai yaron unguwarku ko na ƙauyenku da ya shiga bana, ka haɗa su hannu da hannu a gaban iyayensa, ka ce ga ƙanenka nan, ranar ziyara zan tambaye ka shi.