Karen dala 50,000 da sojan da ke jiran layi

Duk sanda na faɗa wa mutanenmu cewa a Amurka horar da kare guda ɗaya yana iya cin dala 50,000, dariya suke fara yi. Wani ya zaro waya ya hau lissafi da naira, wani ya ce ai kuɗi ne suka yi wa Turawa yawa har ba su san inda za su kai su ba. Ni ma na yi wannan dariyar a da. Abin da ya kashe min ita shi ne sanin wanda ake horar wa karen, da wanda ke biyan kuɗin.

Ɗauki sojan da nakiya ta tashi da motarsu a Iraƙi ko Afganistan, ya dawo gida a keken guragu. Makulli ya faɗi ƙasa, babu kowa a gidan. Karen ne zai ɗauko ya miƙa masa, ya ja ƙofa, ya danna makunnin fitila da hanci. Akwai kuma wanda ya dawo da gaɓoɓinsa cif, amma yaƙin ya biyo shi har gado, ciwon firgicin nan da likitoci ke kira PTSD. Shi nasa karen an koya masa ya janye bargo ya tashe shi idan mugun mafarki ya kama shi, ya tsaya a bayansa a layin kanti don kada wani ya matso masa ba zato, ya ɗora masa jiki a cinya idan ya ji numfashinsa ya canza. Mutumin da ya shekara bai shiga kasuwa ba sai ga shi yana cefane.

Tsadar ba yaudara ba ce. Ana ɗaukar ɗan kwikwiyo, galibi jinsin Labrador ko Golden Retriever, wani ɗan sa kai ya riƙe shi sama da shekara yana saba masa da mota da hayaniya da mutane, sannan ƙwararru su karɓa su yi watanni suna koya masa aiki. Kusan shekara biyu ke nan na abinci da allurai da albashin masu horo. Kuma da yawa ba sa kai bantensu. Wani ƙugunsa ya samu matsala, wani tsoro ya yi masa yawa, wani da ya hango kyanwa ya manta da aikin da aka sa shi. Kuɗin da aka kashe kan waɗanda suka faɗi, a kan wanda ya ci ake lissafa shi. Ƙungiyar America's VetDogs da ke jihar New York ita da bakinta take cewa kowane kare yana cin ta sama da dala 50,000.

To wa ke biya? Nan ne raina ke ɓaci.

Za ka ji ana cewa ai kyauta ake ba tsofaffin sojoji. Gaskiya ne, America's VetDogs ba ta karɓar ko sisi, haka Canine Companions, haka K9s For Warriors ta Florida, wadda wata uwa ta kafa a 2011 bayan ɗanta ya dawo daga Iraƙi da ciwon PTSD. Makarantar The Seeing Eye, mai horar da karnukan jagoran makafi tun 1929, dala 150 take karɓa a hannun farar hula, tsohon soja kuwa dala 1 tak. Madalla da su. Amma duk waɗannan ƙungiyoyin agaji ne, da gudummawar jama'a suke tafiya. Ma'aikatar kula da 'yan mazan jiya, VA, mai kasafin kuɗin da ya haura dala biliyan 300 a shekara, ba ta saya wa soja kare. Abin da take yi shi ne, idan ka cika sharuɗɗa kuma karenka ya fito daga makarantar da aka tantance, za ta ɗauki nauyin likitan dabbobi da kayan aikin karen da kuɗin tafiya zuwa karɓo shi. Abinci da sauran ɗawainiyar yau da kullum daga aljihunka. Ma'aikatar tsaro tana ɗan yayyafa wa wasu ƙungiyoyin tallafi, ban musa ba, amma ginshiƙin abin sadaka ce.

Ƙasar da ta ɗauki yaro ɗan shekara 19 ta tura shi birnin Fallujah na Iraƙi ba ta nemi gudummawa ba kafin ta saya masa bindiga. Da ya dawo a karye, sai a ce ya cika takarda ya jira masu zuciyar tausayi su tara kuɗi. Idan wannan ba cin moriyar ganga a yar da kwaurenta ba ne, ban san sunansa ba. Kuma jiran ba na wasa ba ne, mutum yakan yi shekara, wani ya haura biyu, a ƙasar da VA da kanta ke ƙirga sama da tsofaffin sojoji 6,000 da ke kashe kansu duk shekara. Ban ce kare ne maganin wannan ba. Na ce wanda ke cikin wannan hali bai kamata a bar shi a layi ba.

Shekaru da dama hujjar VA game da masu PTSD ita ce babu binciken da ya tabbatar karen yana amfani. Ta fara nata binciken a 2011, aka dakatar bayan wasu karnuka sun ciji yara, aka sake lale, sakamako bai fito ba sai 2021. Ya nuna waɗanda aka ba horarren kare alamomin ciwonsu sun fi raguwa a kan waɗanda aka ba karen ɗebe kewa kawai. A watan Agustan shekarar Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ake kira PAWS, wadda ta kafa shirin gwaji na shekara biyar a cibiyoyi biyar inda sojojin ke koyon horar da karnuka a matsayin magani, ta kuma buɗe wa masu PTSD ƙofar inshorar likitan dabbobi. Ci gaba ne. Amma shekara goma ana bincike, a ƙare da gwaji!

Wanda ya gaji da jira kuma sai ya faɗa hannun 'yan damfara. Dokar naƙasassu ta Amurka ba ta bukaci wata takardar shaida ga irin wannan kare ba, amma intanet cike take da masu sayar da satifiket da rigar da ake sa wa irin waɗannan karnuka. Wasu ma su karɓi dubban daloli su miƙa maka karen da ko "zauna" bai gama iyawa ba.

Na san wani zai ce ni Musulmi ina ruwana da kare. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya ai mun san malamanmu ba su ɗauki jikin rayayyen kare najasa ba, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Mafarautanmu ba yau suka fara ba. Ni abin da ma yake zo min a rai shi ne ɗan jagora, yaron nan da ke riƙe da sandar makaho daga safe zuwa magariba alhali sa'o'insa suna aji. Jamusawa sun buɗe makarantar karnukan jagora ta farko a Oldenburg a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda sojojinsu da suka dawo ba idanu. Tun asali don soja aka fara abin.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, karen ba ya dawwama. Shekara takwas, in ya yi ƙarko goma, ƙafafunsa sun fara nauyi, dole ya yi ritaya. Sojan da aka yanke wa ƙafa yana ɗan shekara 25 zai bukaci kare huɗu ko biyar kafin ya tsufa. Ƙafar roba idan ta lalace, VA ce ke sake masa wata, ba ta tura shi neman taimako. Kare idan ya tsufa, sai ya sake ɗauko takarda ya rubuta wa ƙungiyar agaji.