Samari, ku san abin da kuke ɗagawa da hannu

Ƙannena masu bin ƙwallo da wasan tanis, wata ɗabi'a ta kama mu. Duk abin da ɗan wasa ya yi da hannunsa a fili, washegari sai a gan shi a hotunanmu, ba wanda ya tsaya ya tambayi ma'anarsa.

Ga yatsu ukun mutanen Sabiya: a miƙe babban yatsa da manuniya da na tsakiya, a lanƙwashe sauran biyun. Ɗan wasan tanis na Sabiya Novak Djokovic ya sha yin haka bayan ya yi nasara. Sabiyawa da yawa suna danganta alamar da addininsu na Kiristancin Otodoks, domin da waɗannan yatsun suke yin alamar gicciye wajen ibada. Ɗan siyasa Vuk Drašković ya yayata ta a tarukansa a 1990, ta zama gaisuwar kishin ƙasa.

Sai yaƙi ya ɓarke, Yugoslabiya, tarayyar da Sabiya da Bosniya suke ciki, ta wargaje. A Bosniya, daga 1992 zuwa 1995, mayaƙan Sabiyawa sun riƙa ɗaga yatsun nan a garuruwan da suka kama, suna korar mazaunansu. A garin Srebrenica na Bosniya, cikin Yulin 1995, mayaƙan sun kashe maza da samari Musulmi fiye da 8,000 a 'yan kwanaki, kotun duniya ta Hague kuma ta tabbatar kisan ƙare dangi ne. Har yau akwai iyaye mata da ba a gano gawar 'ya'yansu ba. In ɗayansu ta ga hotonka da yatsu uku a sama kana murmushi, me kake jin zai faɗo mata a rai? Ba ka nufi mugunta ba, na yarda, amma zuciyarta ba ta san niyyarka ba.

Kada kuma wannan ya sa ku zagi duk ɗan Sabiyan da ya yi ta. Wani murnar ƙasarsa kawai yake yi, an ma haife shi bayan yaƙin. Shi gadonsa ne, tsakaninsa da maƙwabtansa. Kai meye haɗinka da ita?

Su kansu 'yan wasan ba sa tsira. A gasar kofin duniya ta 2018, 'yan wasan Suwizalan Granit Xhaka da Xherdan Shaqiri sun haɗa hannuwa kamar gaggafar tutar Albaniya bayan kowannensu ya zura wa Sabiya ƙwallo, FIFA ta ci kowannensu tarar kuɗin Suwizalan 10,000. Su sun san abin da suke nufi, asalinsu daga Kosobo ne, yankin da yawancin mutanensa Albaniyawa ne, wanda ya ɓalle daga Sabiya. Yaran da suka kwaikwaye su a hoto, nawa ne za su iya nuna Kosobo a taswira?