Tambayoyin nan ba ɓata lokaci ba ne

Wani labari ya ce marasa lafiya na ƙorafin yawan tambayoyin da ake musu kafin a ɗauki hoton cikin jiki. Jama'a, na'ura ba ta san inda ke maka ciwo ba. Idan ka ce ciwon ya fara a cibiya sannan ya gangaro ƙasan ciki ta dama, mai duba hoton zai fara neman kumburin afendiks, ba ya tsaya lalube ba.

Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya faɗa, domin tsohon tabonsa a huhu kan rikita mai karanta hoton ƙirji. Mai ciwon ƙoda ya sanar kafin a yi masa allurar ruwan da ke haska jijiyoyin jini a CT (wani nau'in hoton cikin jiki na X-ray), domin tana iya ƙara wa ƙodar nauyi. Mai shan metformin, maganin ciwon sukari, shi ma wani lokaci akan ce ya dakata da shansa awa 48 bayan allurar.

Na'urar ɗaukar hoto ta MRI kuwa maganaɗisu ce mai tsananin ƙarfi. Mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, kada ya kuskura ya yi shiru, ƙarfen zai iya motsawa ya raunata idon. Mata kuma, in an tambayi ranar al'adar ƙarshe, don kare ɗan tayi daga hasken X-ray ne.