Yadda wani tsoho ya shimfiɗe ni a Salvador

Har yanzu ƙuguna bai daina ciwo ba, kuma duk laifin wani abokina ne, mai cinye min gari da daddare. Shi ya ja ni ran Lahadi wai mu je kallon kapuwera, wasan faɗan Burazil mai haɗe da rawa da kiɗa, can unguwar Pelourinho a birnin Salvador, ni kuma bakina da ba shi da linzami na ce ai ni jikan 'yan dambe ne, wannan rausayar ta 'yan Burazil ko a jikina. Kafin in ankara ya je ya raɗa wa malaminsu, sai ga ni tsugune a cikin da'ira.

Ashe kapuwerar da ake kira Angola suke yi, ta gargajiyar, irin wadda shahararren malamin kapuwera Mestre Pastinha ya buɗe wa makaranta a 1941, har rigunansu ruwan ɗorawa da baƙin wando. Makaɗa sun jeru a benci, uku na riƙe da berimbau, abin nan kamar bakan maharba da aka ɗaura wa wayar tayar mota da duma a gindi. Mai babban duman sunanta gunga, tana hannun malam, kuma ita ce alƙalin wasa, wannan sai daga baya na sani. Abokin karawata wani tsoho ne mai furfura, takalmi sau-ciki, riga a soke cikin wando kamar akawun da ya yi ritaya, har tausayinsa na ji wallahi.

Toh sai malam ya kwarma ihu "Iyeee!" Ni a saninmu in kalangu ya ɗauka ai tashi ake yi. Na yi zumbur na faɗa tsakiya, na fara lilo da jiki ina kai ƙafa gaba da baya, har da ɗan harbin iska guda biyu don su san Bahaushe ya iso. Ashe ihun buɗe taro ne, abin da ke biye sunansa ladainha, doguwar waƙa da mutum ɗaya ke rerawa, ana tuna magabata ana jan kunne, ba mai motsi ba mai amshi sai an gama. Kowa ya yi tsit. Tsohon yana tsugune inda na bar shi, kansa a ƙasa. Ni kaɗai nake ta tsalle kamar akuyar da ta tsinke igiya ta shiga masallacin idi, kuma da na gane akwai matsala kunya ta hana ni tsayawa lokaci guda, sai na riƙa rage gudu a hankali a hankali ina ja da baya wai ko za a ɗauka salo ne, har na koma na tsuguna. Malam bai ko kalle ni ba, waƙarsa kawai yake, kuma waƙar nan ta ƙi ƙarewa.

Da aka shiga amshi muka fara, tsoho na rarrafe ƙasa-ƙasa yana murmushi. Can sai ya miƙe ya ware hannuwa. Na ce Allah sarki, baba ya yafe min, na tafi da gudu zan rungume shi. Tarko ne, chamada suke ce masa. Ban ga ƙafarsa ba, sama kawai na gani.

Nan take mawaƙi ya sauya zuwa wata waƙar da ke cewa adda ta sari gindi, ayaba ta faɗi. Ayabar ni ne. Kuma abokin nawa da ke jin Fotugis sarai shi ya fi kowa ɗaga murya a amshi, sai da muka hau bas ya fassara min yana share hawaye.

Amma wadda ta fi tsaya min a rai matar nan ce mai tuya a gefe, da farin ɗankwali. Acarajé wai, ƙosai ne fa kawai da aka soya da manja aka cusa masa jatan lande. Ta yi dariya har ta ajiye matsami, kuma da na je saye ban samu ragin ko sisi ba, ta ma zuba min barkonon da ban roƙa ba. Ƙosan dai ya yi daɗi, biyu na ci a tsaye don zama ya gagara.